Jikin Tanko bayan haƙar kuza

Zuwa ga Yaya Idi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Gayam sai godiya, gajiya ce dai ba ta ƙarewa.

Ɗanka Tanko ya dawo daga haƙar kuza a Jos, inda diban gwamna, wato aikin tilas, ya kai shi. Da ƙyar na gane shi, haƙarƙari duk a waje. Na dinga ɗura masa tuwon dawa, ciki ya yi tulu, amma garma ta gagare shi ɗauka. Inna Jumma mai kawo mana nono ta dube shi ta ce, "Tuwo kaɗai ba ya gina mutum. Haɗa masa da wake da nono su mayar da tsoka, ki sa man shanu kaɗan a miya."

Haka nake yi. Kullum ina tsakanin turmi da murhu, bayana kamar zai ɓalle. In mafarauta sun fito daga daji, nakan roƙi ɗan nama. Alhamdu lillahi, yanzu in yana noma yana kai ƙarshen kunya bai zauna ba.

To, jiya dogari ya biyo ta gona, ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Kai, saurayi ya murmure!" Ga shi an ce za a sake diba bayan girbi. Yau na ɗebo man shanu zan sa a miya, sai hannuna ya tsaya.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya kawar da idonsu daga kansa. Gai da Yaya Asabe da yara.

Ƙanwarka,
Hadiza