Farin Soson da Na Cire Maka a Jirgi

Zuwa ga Yayana Haruna masunci, a duk tungar da yake a bakin ruwan Shiroro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Asabe da yaran nan uku. Inna tana nan ƙalau, sai ciwon ƙafar da ka sani. Mutanen Rafin Guza duk suna gaishe ka.

Na san za ka yi mamakin jin sunanka a jarida. Sau uku ina ba direbobin Minna saƙo daga tashar Kawo, kowanne ya dawo ya ce tungayen masunta sun yi yawa, masu suna Haruna kuma sun fi tungayen yawa. Ba ka da akwatin gidan waya, ba ka karatun boko. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani mai imani ya karanta maka. Maganar ita ce, jirgin da kake shiga kullum yana da lahani, kuma ni na yi masa lahanin da hannuna.

Ka tuna ranar da ka same ni a tasha ina lodin fasinja. Ka ce kifi ya ja baya a kogin Kaduna, za ka koma Shiroro, kuma ruwan can faɗi gare shi, kwale-kwalen katako da tuƙin hannu ba za su kai ka ko'ina ba. Ka ce in raka ka ka zaɓi jirgi da inji, tunda ni ne na san inji. Kaina ya kumbura. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, sai ga ni ina tafe a gabanka kamar ni na haƙa kogin.

Wurin dillalin kayan gwanjon nan na Kinkinau muka tarar da jirage biyu na alminiyam, iri ɗaya, an jingine su a bango. Ya ce na wani kamfani ne da ya tattara ya tafi. Ka sa bayan yatsa ka ƙwanƙwasa cikin ɗaya, ka kasa kunne, yadda kake yi wa katako. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ka ce, “Itace yana gaya mini inda ke masa ciwo, wannan kuwa bebe ne.” Ban saurare ka ba. Na yi ta zuba: ba ya ruɓewa, gara ba ta cinsa, babu sauran toshe ɓaraka da tsumma da kwalta, mutum biyu ma sa ɗauke shi. Ka ce to.

Inji kuma ƙarami ka nuna. Ni na hana. Na ja igiyar babban, ya yi gurnani, na ce wannan shi ne inji, wancan na niƙan barkono ne. Da muka gwada shi a kogi, bayan jirgin ya zauna cikin ruwa, abin da ya rage tsakanin bakinsa da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Na ga ka kalli wurin, ka sake kallo. Na ce ai in ya ɗauki gudu zai ɗaga.

Amma ba injin ne babban laifina ba. Da muka kai jirgin gida muna wanke shi, ka leƙa ƙarƙashin bencinan nan uku, ka ga an cusa wani farin soso mai tauri. Ka tambaye ni na mene ne. Da na ce ban sani ba, da yanzu ba na rubuta wannan wasiƙa. Sai na ce irin wanda ake sa wa a kwalin rediyo ne don kada kaya su buge a hanya, sun manta ne ba su cire ba. Na ɗauko sukudireba na ɓalle murfin bencinan, na zaro shi kaf.

Har yau ina ganin fuskarka. Ka ce an samu wurin ajiye kaya, ga kuma abin ɗaura wa raga ta yi yawo a saman ruwa, an huta da yanka tsofaffin silifas. Yaya Asabe ta kawo wuƙar girki ta yayyanka shi daidai wa daida, kana ɗaurawa, kaji suna bin ɓurɓushin a tsakar gida. Bayan Babbar Salla kuka ɗora jirgin a kan babbar motar roka, kuka tafi.

Ranar Alhamis da ta wuce ina wankin mota a bakin kogi da hantsi. Ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da rassan itatuwa. Malam Ndagi, Banufen da ya sayi ɗan'uwan jirginka, ya taso daga ƙetare da manoma uku da buhunan masara. A tsakiya wani kututture ya doke su, jirgin ya karkace, ruwa ya cika shi fal. Mata masu wanki suka sa salati. Na tsaya da tsumma a hannu ina jiran in ga ya ɓace. Bai ɓace ba. Ya tsaya daidai fuskar ruwa, su huɗu suna riƙe da gefensa, har aka kai musu igiya aka jawo su.

Kowa yana murna. Malam Ndagi ya gama amayar da ruwa, ya daki bencin da tafin hannu, ya ce, “Ba don farin abin da ke cikin nan ba, da yanzu a gindin gada ake nemanmu.” Na matsa na tambaye shi. Ya dube ni kamar wanda ya tambayi ina gabas. Ya ce katako ko ya cika da ruwa yana yawo da kansa, ƙarfe kuwa soson nan ne kaɗai ke riƙe shi.

Yaya, ban san yadda na kai gida ba. Na ɗauki ƙaramar tukunyar Inna na ɗora a kan ruwan duro. Ta yi yawo abinta. Na ɗan danna gefenta da yatsa, ruwa ya shiga, kafin in ƙifta ido na ji ta taɓa ƙasan duron. Na daɗe a tsaye a wurin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na san halinka. Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya maka tun kana ƙarami: “In jirgi ya kife kada ka sake shi, ka riƙe har a zo.” Sau biyu wannan koyarwa tana fitar da kai daga kogin nan. Hannunka zai riƙe tun kafin ka yi tunani, kuma haka za ka daka wa iyalinka tsawa su yi. Ka ce a jirgin za ka riƙa kai su cin kasuwa. Kafaɗarka ta dama ba ta iyo mai nisa tun faɗuwar da ka yi. Ga damina ta zo ƙarshe, lokacin iskar da ke tasowa ba sallama, kuma direbobi sun ce in ta taso a can, ruwan har tozo yake yi.

Don Allah ka ji abin da Malam Ndagi ya ce in gaya maka, ba ni na faɗa ba. Ka sauke babban injin. Ka kwance soson daga raga ka mayar da shi inda yake, ka rufe. Ka nemi jarkoki marasa komai, ka toshe bakinsu sosai, ka ɗaure su tam a cikin jirgin. Kafin ka yi haka, kada ka yi nisa da gaɓa, kada ka ɗauki kowa. In kuma Allah ya ƙaddara ruwa ya shiga, ka saki jirgin, Yaya. Ka sake shi.

Tun ranar, rediyon motata ba ya mutuwa. In aka fara labarai sai in wuce inda fasinja zai sauka, ana buga mini mota ana zagina, ban ji ba. Ban gaya wa Inna ba. Duk wadda ta shigo gidan sai ta ba ta labarin Haruna ya samu jirgin da ba ya ruɓewa, sannan ta juyo ta ce, “Allah ya yi maka albarka Garba, kai ka zaɓa wa yayanka.” In ce amin, in tashi in bar tuwon. Ina jin tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba ko a kan titi.

Ranar Litinin zan ajiye motar in taho da kaina, in bi tunga-tunga ina tambaya. Ban san wanda zai riga isa gare ka ba, ni, ko wasiƙar nan, ko iskar.

Allah ya tsare ka a kan ruwa da tudu. Allah ya kwantar da iska har saƙona ya same ka. Allah kada ya kama 'ya'yanka da laifin bakina. Allah ya sa in tarar da kai a tsaye, da ƙarfinka, ka ɗaga hannu ka mare ni a gaban duk masuntan tungar. Wallahi ba zan kauce ba.

Ƙaninka,
Garba direba, tashar Kawo.