Hular Babana da Anka Kai Tungar Ɗunya

Zuwa ga Maigida Haliru mai fatu, babban attajiran da sunka buɗe gidan koya ma samari sana'a saboda Allah a Ƙofar Marke, cikin birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa da ladabi da ban girma zuwa gare ka, Maigida, da abokan arzikinka da kunka haɗa hannu ga aikin ga. Allah shi ƙara girma, shi tsare dukiya da iyali.

Bayan haka, ni na Jabbi ɗan Altine, mutumin Tungar Ɗunya, can hayin gulbi. Ba lalle ka tuna ni ba. Ni na dogon nan mai zama ƙarshen tabarma in an tara mu gaishe ka. Karatuna bai yi nisa ba, ɗan allo na, shi ma noma yak katse shi, don haka in ka ga kure cikin ajamin ga ka yi mani gafara. Na so in gaya maka maganar ga baki da baki. Dut sadda niz zo zaurenka sai babban yaronka Namakka shi tare ni, yau kana barci, gobe kana tare da akawun kamfani. Shi yas sa nir roƙi wani malami shi karanta takardar ga a bakin kasuwa bayan an sauko Juma'a. Ba don in tozarta ka ba na. Ba ni da wata ƙofa ta.

Zan fara da alherin, don kar a ce ni butulu na. Na shigo birnin ga bayan girbi, ban san kowa ba. Gidanku anka ba ni wurin kwana da tuwo, ban taɓa kwana da yunwa ba. An nuna mani yadda aka gane fatar jar akuya mai kyau, da wadda wuƙa tah huje wajen fiɗa, da wadda ƙazwa tac ci. An ce muna Nasara ba su son fatar da anka shanya ƙasa cikin rana, sai wadda anka ɗaure anka shanya a inuwa. An ce in mun ƙware za a kai mu kantin kamfani a tsaya muna mu samu aiki. Wanga dut na gode. Amma akwai abubuwan da ban gane ba, kuma yanzu sun hana ni komawa gida.

Na fari, yadda anka ɗauke mu. Ranar da niz zo mun yi yawa bakin ƙofa, har da ɗiyan birni, wasu marayu na, wasu ƙafarsu ko takalmi babu. Namakka bai tambayi kowa halinai ba. Tambayatai guda ta: ina garinku, akwai awaki? Dut wanda yac ce nan cikin birni shike sai a ce shi dawo wata rana. Mu na ƙauye anka shigar, kuma babu biyu daga gari guda. A lokacin na ɗauka tausayin baƙo na. Yanzu ina tambaya, Maigida, sadaka tana tambayar awaki?

Na biyu, karatun. Abin da anka koya muna bai kai abin da anka tambaye mu ba. In an gama cin tuwo sai Namakka shi zauna cikinmu shina wasa da dariya, shina ce mani ɗan hayin gulbi. Wace rana kasuwarku ka ci? Wa ka tara fatun garinku? Wa kuka sai ma? Yaushe masu haraji ka zuwa? Ni ko ina ba shi amsa da murna, don ban taɓa ganin mutumin birni yad damu da garinmu ba. Na gaya mashi baffana Dikko ka tara fatun Tungar Ɗunya. Na gaya mashi Malam Buba muka sai ma tun zamanin kakana, kuma shekarar yunwa shi yak kawo muna gero bisa jakainai. Na gaya mashi mu ƙasa muka shanya. Dut da bakina.

Na uku, kuma ita ta babbar maganar, hulata. Ranar da anka shigar da mu anka ba kowa sabuwar taguwa da wando da farar hula, anka ce sadakarka ta. Anka ce mu tuɓe tsofaffin kayanmu za a ƙone saboda ƙwarƙwata. Taguwa na ba da ba gardama. Hula nir riƙe. Haɓar-kada ta, shuɗiya, ta babana ta, Allah shi jiƙanai. Gefe guda garwashi ya taɓa cin ta, innata tal liƙe wurin da guntun jar fata. Babu mai hankali a garinmu da bai san hular ga ba. Na roƙi Namakka shi bar mani, yac ce, kai baƙauye, gidan ga ba a shiga da tsumma. Yaf fizge ta. Ban ga wuta ba, ban ga hayaƙi ba, amma na ce haka birni shike.

Maigida, ko da ka sani bari in faɗi don masu saurare. A wajenmu ba a aike da baki kawai. In mutum shina nesa yat tura saƙo mai nauyi, sai shi haɗa da wani abin jikinai, hula ko zobe ko wuƙa. In an ga abin, kamar an ga mutumin na. Ba a ƙara tambaya.

Kasuwar da taw wuce nig gamu da Inna Hajo, maƙwabciyarmu mai kawo daddawa birni. Na durƙusa na gaishe ta, tak kau da kai. Na sake gaishe ta, tac ce, a'aha, mai aike, ashe ka san mutane. Da tag ga da gaske ban san komi ba sai taz zaunar da ni bayan rumfa tab ba ni labari. Ta ce Namakka ya zo garinmu da jakai gab da zuwan masu haraji. Yas sauka ƙofar baffana, yaf fid da hular babana daga aljihu yam miƙa mashi. Yac ce Jabbi na gaishe ku, ya samu uba a birni, ya ce a ba gidan Maigida Haliru fatun bana duka, a bar Malam Buba. Ta ce baffana ya riƙe hular ƙanenai har yay yi hawaye. Shi da kainai yab bi gida gida shina cewa ɗanmu ya aiko. Sai da anka gama ɗaure kaya bisa jakai sannan Namakka yaf fara zance irin wanda aka koya muna: wagga ƙasa anka shanya ta, wagga wuƙa ta taɓa ta, Nasara ba su karɓa. Ɗan kuɗin da yab bari hannunsu bai rufe bakin masu haraji ba, har wasu sunka sai da awakin da ka haihuwa. Kuma yak koma da hular, ya ce Jabbi na son abinai.

Bayan nan Malam Buba ya zo kamar yadda yas saba, yat tarar da rumbun fatu wayam. Inna Hajo ta ce ko ruwan da anka kawo mashi bai sha ba, yaj juya jakainai. Baffana ya ba ta saƙo in ta gan ni: kar in taka Tungar Ɗunya sai da hular, da mutumin da yak kai ta. Innata tana garin. Ko rijiya in ta je, mata shiru suka yi.

Wallahi ban aiki kowa ba. Ban san an tafi ba.

Na huɗu, da nid dawo gidanku sai nif fara tambayar 'yan'uwana samarin da anka shigar tare da ni. Modi ya ce wuƙar fiɗa ta kakanai anka karɓe, wai ba a kwana da makami a gidan. Ladan zobe na, wai za a aje mashi kar a sace. Akwai waɗanda sunka riga mu shiga, an sallame su, an ce sun ƙware su je su nema. Na gamu da guda cikinsu shina dako a kasuwa, ya ce ba wanda yak kai shi kanti, kuma shi ma ba shi iya zuwa garinsu, bai dai gaya mani dalili ba. Ni dai tun zuwana ban ga yaro guda da anka kama ma hannu anka kai gaban akawun kamfani ba. In akwai, a faɗi sunanai, in je in gaishe shi.

Mai yiwuwa ba ka sani ba, Maigida. Mai yiwuwa Namakka ka yin abinai da sunanka, kamar yadda yay yi da nawa. Ina so haka ta zama. Amma jakan naka na, kuma fatun na ga an shigo da su ɗakin ajiyarka, ni ma na taya saukewa ban san na garinmu na ba. Wanga wuri shi na hankalina ka tsayawa.

Ga abin da nika roƙo. A mai da mani hular babana. A haɗa ni da Namakka, ko wani dattijo da kay yarda da shi, mu je Tungar Ɗunya shi faɗi gaban baffana da liman cewa ban aiko ba. A mai da ma Modi wuƙatai, Ladan zobenai, tun ba a kai su inda anka kai tawa ba. Zancen abin da anka rage ma mutanenmu na bar shi tsakaninka da Allah, ban san lissafin ba, ba ni faɗin abin da ban sani ba. In kuma da gaske taimako aka so, a bar ni in je in nuna musu shanyar inuwa, ita kaɗai ma ta isa alheri. Amma ba su saurare na sai an wanke ni.

Farar hular da anka ba ni na wanke ta, na ninke, na ba mai gadin zaurenka. Ba raini ba na. Ba ni iya sa ta. Tun ranar nan kaina a buɗe shike, yara na bi na suna dariya, dattawa na tambaya ko lafiya. Kullum bayan la'asar ina zaune gindin ganuwa a Ƙofar Marke. Wanda kat turo ba shi wahalar gane ni, ni kaɗai na babba marar hula a wurin.

Allah shi ba ka lafiya da tsawon rai, shi sa sadakarka ta zama sadaka, shi nuna maka gaskiyar abin da aka yi da sunanka, shi tsare naka ɗiyan daga a yi aike da bakinsu ba su sani ba. Amin.

Ni na yaronka, Jabbi ɗan Altine na Tungar Ɗunya.

Wassalam.