Takardar majalisar tana adakata, yabon yana wajen Laraba

Salamu alaikum jama'ar wannan gida. Murya na aika wa admin ta rubuta, don ni ban yi boko ba, kuma a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kishi ne ke cina da tsufana.

Shekarar da soja suka miƙa mulki aka buɗe majalisar dokoki a nan Jos, ina tuyar ƙosai a Anguwan Rogo, wani masinja yana kawo min tsofaffin takardun ofis ina ƙunshi da su. Rannan na ga wata mai hatimi, na kai wa maƙwabciyata Laraba da ta yi firamare. Ashe daftarin wani kwamiti ne, za a tashe mu masu sana'a daga bakin titi, ba wanda aka gaya wa. Sau ɗaya ta karanta ta fassara, na haddace tsaf. Ni na bi gida gida ina zayyana wa mata, har muka cika ƙofar wakilinmu. Ya ce maganar ba ta nuna ba, wa ya ba mu? Na ce tunda wurin kaskona ake dafa ta, ai sai in leƙa tukunyar. Ba a tashe mu ba.

Amma tun ranar, Laraba ce "mai takarda". Ni kuwa mai ƙosai.

Yanzu wasu malaman jami'a suna tattara irin waɗannan takardu don kowa ya iya karantawa, kuma gidan Laraba aka nuna musu, har rediyo za su kai ta. Takardar kuwa tana ƙasan adakata da maiƙonta, na ce wa kowa ta ɓata.

Jiya sai ga Laraba da sanda, ido ya tafi. Ta ce, "Yaya, wallahi ko layi ɗaya ban tuna ba, ke ce mai kai, biya min kafin su zo." Na ce ta dawo Alhamis.

Na san takardar ta jama'a ce, da bakina na faɗa wa wakili haka. Amma in na fito da ita na biya wa Laraba, da muryata za ta shiga rediyo a sake tafa mata. In na yi shiru, takarda da labari sai su bi ni kabari. Gobe Alhamis. In buɗe adakar?