Lanette Ta Shiga Cikin Ɗari

Macon, Jihar Georgia,
Ranar Laraba, farkon watan Maris.

Zuwa ga Yayata Odessa,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri a gare ki. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Gunnar da yara. Yaya sanyin Alaska? Allah Ya ƙara miki juriya, don ni har yau na kasa gane yadda 'yar Georgia ke rayuwa a cikin ƙanƙara. Mu nan lafiya lau muke. Mama Eula ta warware daga tarin da ya dame ta, har ta koma zama a kujerar gaba a coci tana gyara wa mawaƙa kuskure. Ɗana Terrence da matarsa suna nan, cikin nata ya tsufa sosai. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda kunnenki ya fara yi miki gardama a waya, labarin nan kuwa ba na so ki ji rabi ki bar rabi.

Yaya, 'yarki Lanette ta shiga cikin mata ɗari na farko a wasan tanis na duniya. Jerin da ya fito ranar Litinin ya sa ta a matsayi na tamanin da tara, inda ba ta taɓa kaiwa ba a rayuwarta. Amma ki yarda da ni, abin da ya fi yawa a zuciyata ba murna ba ce, ajiyar zuciya ce.

Kin san yadda muka sha bayan aikin da aka yi mata a gwiwa shekara biyu da suka wuce. Lokacin tana ta ɗari da goma sha biyu, tana leƙen ƙofa ke nan ƙofar ta rufe. Kafin ta koma fili sunanta ya gangara can ƙasan ɗari biyar. Ta koma bin ƙananan gasa a garuruwan da ko ke ba ki taɓa jin sunansu ba, 'yan kallo ba su fi cikin mota ɗaya ba. Abin da ban gaya miki ba shi ne abin da ya shiga tsakaninta da mahaifinta. Shi maigidan nawa Alonzo ya samo mata aikin koyar da tanis a wata kwaleji a Alabama ta hannun wani abokinsa. Ranar bikin Godiya a watan Nuwamba, muna kan tebur, ya ce mata shekararta ashirin da takwas, gwiwa kuma ba tayar mota ba ce da za a cire a sa wata. Ta ajiye cokali ta ce ita ba ta san ya gama binne ta ba. A ƙarshe suka yi sharaɗi: idan bazara ta wuce ba ta shiga cikin ɗari ba, za ta rataye raket ta tafi Alabama. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ni kuma na zama maƙalale a tsakiya, wannan ya ba ni saƙo, waccan ta ba ni amsa. Kin san su, kamar an tsaga kara. Taurin kan da yake zarginta da shi, a wurinsa ta sha.

Da wata gasa ta zo a Texas, Lanette ta fara cin wasa ɗaya bayan ɗaya, na ce sai na je. Alonzo ya ce shi ba kallo zai je ba, tuƙi kawai zai yi don ba ya son yadda nake taka birki. Haka kuwa aka yi, wasanta na kusa da na kusa da ƙarshe a cikin mota ya zauna, wai yana sauraron rediyo. Na dawo na tarar rediyon a kashe, shi kuma ya jiƙe da gumi kamar shi ya buga. Washegari na ce masa ko ya shiga da ƙafarsa ko in ja shi da kunne a gaban mutanen Texas. Ya shiga yana ƙunƙuni.

Wasan kusa da na ƙarshe shi ne komai, don Koci Dubois, matar nan 'yar Louisiana da ke horar da ita, ta ce idan ta ci shi makinta ya isa ta shiga cikin ɗari. Abokiyar karawarta wata doguwar yarinya ce daga Turai, shekararta goma sha tara, tana buga ƙwallo kamar tana da tsohuwar gaba da ita. Yarinyar ta ci turmin farko, Lanette ta ci na biyu. A na uku suna kunnen doki, sai yarinyar ta sakar mata wata gajeriyar ƙwallo dab da raga. Lanette ta ruga, ƙafarta ta zame, ta faɗi a kan gwiwar nan dai. Yaya, filin ya yi tsit. Na ji ƙarar faɗuwarta har cikin haƙorana. Ta kwanta ta rufe fuska da hannu, ba ta motsi.

Ban ankara ba sai na ga kujerar Alonzo babu kowa. Mutumin da ke kukan ciwon baya idan na ce ya ɗauko min kwandon wanki, shi ne ya tsallake layin kujeru ya kai bakin shinge. Masu gadi biyu suka riƙe shi, yana ta ihu cewa 'yarsa ce, su sake shi, yana kiran sunanta yana cewa ta bari haka nan, ya isa, ta zo su tafi gida. Ni kuwa ina zaune na kasa tashi, bakina kawai ke motsi, ban ma san addu'ar da nake yi ba. Mai duba 'yan wasa ta zo ta lallatsa gwiwar, ta naɗe ta da bandeji. Can sai Lanette ta miƙe. Ta taka, ta sake takawa, ta juya ta harari inda ubanta yake, sannan ta ɗauki raket. Daga nan ba ta sake barin yarinyar ta numfasa ba. Da ƙwallon ƙarshe ta faɗa raga, ban yi tafi ba, gwiwar kawai nake kallo.

Bayan wasa ta gaya min cewa da ta faɗi ta riga ta sallama, a ranta ta ce shi ke nan, Alabama ta kira. Sai ta ji muryar babanta yana cewa ta bari, haushi ya tashe ta tsaye. Ta ce da ya ce mata ta daure, wataƙila da tana kwance har yanzu. Alonzo ya ce to ai sai a riƙa biyansa kamar koci, tunda shi ya san maɓallin. Wannan ce dariyar farko da na ji sun yi tare tun watan Nuwamba.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi ba ta ci ba. Gwiwar ta kumbura, ba ta iya gudu sosai, aka cinye ta cikin sauri. Ba wanda ya damu a cikinmu. Hankalinmu duk yana kan hoton gwiwar da za a ɗauka ranar Litinin da safe. Muna zaune a asibiti muna jiran likita, wayarta ta fara ƙara babu ƙaƙƙautawa, don jerin ya fito, mutane na ta taya murna. Ta kife wayar a cinya ta ce ba za ta duba ba sai ta ji ko lambar tana da ƙafar da za ta tsaya a kai. Alonzo ya kama hannunta, ba ta ƙwace ba. Da likitan ya fito ya ce jijiyar da aka ɗinke tana nan daram, ƙujewa ce da kumburi, hutun sati biyu ya wadatar. Yaya, a nan ne na yi kukan da na riƙe shekara biyu. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse, mu kuwa har romon mun sha. Sai a lokacin ta buɗe wayar ta nuna mana. Ashe 'yan Amurka uku ne suka kai matsayin da ba su taɓa kaiwa ba a wannan makon, har da wata ƙawarta da suka sha wahalar ƙananan gasa tare suna kwana ɗaki ɗaya.

Amfanin wannan matsayi shi ne yanzu za ta shiga manyan gasa kai tsaye, ba sai ta bi ta wasannin share fage ba. Za ta je Paris a watan Mayu. Idan Allah Ya riƙe mata matsayin, za ta buga ta New York a ƙarshen Agusta, kuma ta ce in gaya miki ba ta karɓar uzuri, kujerarki na kusa da tawa. Ki fara lallashin Gunnar tun yanzu.

A hanyar dawowa muka tsaya shan mai a Mississippi. Alonzo ya fita ya koma gefe da waya a kunne, ya ɗauka ba na ji. Abokin nan nasa na Alabama ya kira. Na ji yana ce masa su nemi wani malamin, don 'yarsa ba ta da lokaci, tana da aiki a Paris. Ya dawo mota ya ce min wai mai gyaran famfo ne. Na ce masa to, Allah Ya gyara.

Da muka iso gida Mama Eula ta sa an soya tarwaɗa da burodin masara. Aka gaya mata jikarta ce ta tamanin da tara a duk duniya. Sai ta tambaya su waye sauran tamanin da takwas ɗin, kuma 'ya'yan gidan wa ne da za su sha gaban jininta.

Ki gaida min Gunnar da kyau, da Ingrid da Solomon, ki ce wa Ingrid hular da ta saƙa min ta iso. Mama Eula, Alonzo, Terrence da matarsa Charmaine duk suna gaishe ki. Lanette ta ce a sumbace ki a goshi. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Vernetta Pettiway