Kuka Kan Tsayar da Bincikena na Mawaƙan Ibrananci

Zalihatu Sabo Ringim,
Unguwar Bin Mahmud, Doha, Ƙatar.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Babban Sakatare,
Gidauniyar Tsamiya Mai Tallafa wa Ilimi,
Kano.

Ranka ya daɗe,

Game da: ƙin sa hannun wakilinku a takardar ci-gaban karatuna

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ni ce ɗalibar da gidauniyarku ta turo Doha a shekarar 2022 domin digiri na uku a fannin adabi. Cikin ladabi nake kawo kukana kan wakilinku na nan, Malam Ɗalhatu Ismail.

1. Bincikena, wanda kwamitinku ya amince da shi tun a Kano, yana kan mawaƙan Ibrananci na farko, da suka rayu a ƙasar Falasɗinu gabanin zuwan Musulunci da farkonsa. Su suka riƙa tsara waƙoƙin da ake sakawa cikin addu'o'in Yahudawa na Asabar da na bukukuwa, daidai da karatun Attaura na makon. Wasunsu kan saƙa sunayensu a haruffan farko na baitoci. Ina kwatanta wannan da yadda malamanmu masu waƙar ajami kan sa sunansu da ramzin shekara a ƙarshen waƙa. Iyakar aikin ke nan.

2. Ranar 3 ga Yuni, Malam Ɗalhatu ya zo duba ɗalibai, ya tarar da ni a ɗakin karatu ina sauraron yadda ake rera ɗaya daga cikin waƙoƙin, ina bin rubutun da yatsa. Bai tambaye ni komai ba. Washegari ya kira ni ya ce da abin da ake yi a Gaza, ba zai sa hannu a takardar mai koyon sallar Yahudawa ba, khalas, magana ta ƙare. Na shaida masa cewa mawaƙan nan sun fi shekara dubu a kabari, kuma Gaza tana ci mini rai kamar kowane Musulmi. Ya kashe wayar.

3. Makarantar da nake, wadda ita ce kafil ɗina, wato mai tsaya mini a zaman ƙasar nan, ba ta sabunta katin zama sai da wannan takarda. Nawa ya ƙare ranar 31 ga Yuli. Tun daga nan ƙofar ɗakin karatu ba ta buɗe mini. Ina ƙunshe a ɗaki, ko kantin da ke ƙasan benenmu sai na leƙa titi kafin in sauka, don tsoron 'yan sanda. Idan kuma na tafi gida ba da izinin wakili ba, yarjejeniyarku ta ce na watsar da karatun da kaina. Gaba kura, baya siyaki.

4. Wannan ne ya fi mini ciwo. Malam Ɗalhatu ya maimaita maganar a zaman Hausawa na unguwar Madinat Khalifa, direbobinmu da ke aiki a nan kuma suka kai ta har Ringim. Ranar 20 ga Satumba mahaifiyata ta kira ni tana kuka, ta nemi in yi kalmar shahada ta ji da kunnenta. Na yi. 'Yata Alimatu, mai shekara bakwai, wadda na bari a hannunta, ta daina zuwa Islamiyya domin yara na kiranta 'yar Bayahudiya.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya umarci wakilin ya sa hannu, ko a wakilta wani, kuma a aika wa mahaifiyata bayani daga gidauniya cewa da saninku nake wannan aiki. Babi ɗaya ya rage mini. Idan kuwa gidauniya ce ta sauya ra'ayi, a faɗa mini a rubuce, a sake ni in koma gida. Zan iya haƙura da digirin. Abin da na kasa shi ne zama tsakanin bango huɗu alhali ana jifan 'yata da sunana.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,
Zalihatu Sabo Ringim