Inna ta ƙi madarar nan

Shepparton, Ostireliya

Yaya Thiong,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya Ayen da yara? Ambaliyar ta janye daga Bor kuwa? Shanun da suka rage sun samu tudu?

Muna lafiya, aiki ba laifi. Inna ce dai abinci ya gagare ta. Likita ya ce ta riƙa shan madara, ita kuwa ta ce ta nan salam take, tunda ba a ɗauraye ƙwarya da fitsarin saniya. Na je wata gonar shanu roƙon fitsarin. Mai gonar ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo bokiti. Na ɗauraye ƙwaryar kamar a gida, na zuba mata.

Ta kurɓa, ta ce, "Yaya sunan saniyar?"

Na ce, "Inna, lamba ce a kunnenta."

Ta ture ƙwaryar. "Sha abinka, ɗan boko."

Ta rame ƙwarai, Yaya. Kullum tana tambayar ranar komawa, ina ce mata bayan damina. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki jirgi ba. In kun yi waya, kai ma ka ce bayan damina.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninka,
Mabior