Famfon da Ya Kama Hannun Inna

Zuwa ga Alhaji, mai benen haya da ke bayan kasuwar hatsi a Sinnar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da harkokin kasuwa.

Ni ne Usmanu, malamin makarantar nan da ya kama hayar ɗakuna biyu da falo a saman benenka. Ka san mahaifina, gonarku ta riɗi da tasa iyaka ɗaya ce kafin Allah ya buɗa maka ka dawo birni. Saboda wannan tsohon zumunci ban ambaci sunanka ba, ko da yake duk Bahaushen da ke tsakanin Sinnar da Mai Wurno ya san benen. Na je gidanka sau biyu aka ce ka fita. Na kira ka a waya, ka ba ni amsar da zan ambata a ƙasa. Shi ya sa na fito da maganar fili.

Na farko, dalilin da ya kawo ni gidanka. Mai ɗakina ta sha wahala da cikin nan, likita ya ce kada ta yi nisa da asibiti kafin haihuwa da bayanta. A ƙauye wankan jego ba abin damuwa ba ne, ga itace, ga babbar tukunya, ga tsakar gida. A saman bene kuwa babu inda za a hura wuta. Wakilinka Babikir ya nuna mini abu biyu da suka sa na amince: sakhan, wato tankin dumama ruwa da ke banɗaki, da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa. Ya ce dukansu lafiya ƙalau suke. A ƙofar banɗakin na ga sababbin silifas na roba, manya, irin na maza. Ya ce kyautar Alhaji ce, kowane ɗan haya ana ajiye masa. Na yi godiya, har na koma ina gaya wa iyalina cewa birni bai canza ka ba.

Na biyu, surukata. Inna muke ce mata. Bayan an haihu ta taho daga ƙauye don ta yi wa 'yarta wanka, aikin da ta yi wa 'ya'yanta mata duka, ta kuma yi wa rabin matan unguwarmu. Shekara takwas ina auren 'yarta, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, in na shigo falo sai ta shige ɗaki. Kai Bahaushe ne, Alhaji, ba sai na yi maka bayanin kunyar surukai ba. Da ta ga silifas na maza a ƙofar banɗaki ta ɗauka nawa ne, kuma ka san ba za ta taɓa sa ƙafarta a takalmin mijin 'yarta ba. Nata takalman tana barin su can bakin ƙofar shigowa, kamar yadda ta saba a gidan mutane. Don haka kullum ba takalmi take shiga ɗebo ruwan zafi, a kan jiƙaƙƙen siminti.

Na uku, abin da ya faru. Da safe mukayyif a kashe yake, saboda haka wankan safe lafiya lau ake yin sa. Da la'asar ne zafi ke tsananta, mu kunna shi saboda jaririya. A nan ne duk lokacin da Inna ta taɓa famfo sai ta ji wani abu ya tsira mata a hannu. Sau ɗaya ta ce wa 'yarta ruwan birni yana da cizo, ita kuwa ta zaci zafin ruwan take nufi, har ta yi dariya. Ni ba ta iya gaya mini ba. Kwana tara tana haƙuri, tana naɗe hannunta da ɗankwali, ɗankwalin kuma yana jiƙewa.

Ranar Alhamis da la'asar, dawowata ke nan daga makaranta, ko riga ban cire ba, na ji bokitin ƙarfe ya faɗi. Mai ɗakina ta leƙa ta kwarma ihu. Inna ce a tsaye, hannunta ya manne da famfo, jikinta yana karkarwa, bakinta a buɗe amma sauti ba ya fita. Allah ne ya ba ni hankalin da na ruga na kashe wutar gidan gaba ɗaya maimakon in kama ta. Ta zube ƙasa. Ni na ɗauke ta a hannuna na sauko da ita daga bene muka shiga keken raksha mai ƙafa uku, matar da ban taɓa ganin fuskarta sosai ba sai ranar. Tafin hannunta na dama ya ƙone, yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, kullum in ta gama da uwar, jaririyar take ɗaukowa ta yi mata wanka a kwanon ƙarfe a gindin famfon nan. Ranar ma an riga an tuɓe mata riga, tana kwance tana jira.

Na huɗu, abin da na gano daga baya, wanda ya fi faɗuwar Inna girgiza ni. Na kira Usta Haruna mai gyaran lantarki, dattijo da kowa ya sani a kasuwa. Ya buɗe mukayyif ya tarar wayar injin jan ruwan ta tsage, an naɗe ta da leda, tana kwance cikin ruwa. Bututun ƙarfe ɗaya ne ke kai ruwa ga mukayyif da sakhan da famfon banɗaki, kuma babu wayar da ke sauke wuta ƙasa. Ya ce duk lokacin da aka kunna sanyi, wuta ce ke bin bututun. Ya ce ledar ma ta tsufa, wannan ba ɓacin jiya ba ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni yadda aka yi ni ban taɓa ji ba. Ga ni kuwa ina koya wa yara haɗarin lantarki a aji.

Amsar a wurin Malam Idi mai shagon ƙasa na same ta. Ya ce waɗanda suka zauna kafin mu sun yi ta kuka da famfon nan. Ya ce kai da kanka ka hau, ka taɓa, ka fizge hannunka, sannan ka aiki Babikir kasuwa ya sayo silifas. Tun daga nan duk wanda ya shiga sai an ajiye masa. Malam Idi ya ɗauka an gaya mana dalilinsu, shi ya sa bai yi magana ba.

Alhaji, a kan matakalar benenka na zauna. Ashe takalman da nake sawa kullum ina sa maka albarka, su ne gyaran da ka yi. Ka san wuta na bin ruwan gidanka. Wakilinka ya san mai ciki na kawo, don na gaya masa wankan jego ne ya sa nake neman sakhan. Ko da ba ka yi gyara ba, me zai hana a ce mana kada kowa ya taɓa famfo ba takalmi? Magana ce da ba ta kai tsawon sallama ba. Na juya abin nan ta kowace fuska ina neman maka uzuri, saboda mahaifina, ban samu ba.

Na biyar, amsarka. Da na kira ka, cewa ka yi: "Malesh, yi haƙuri, ya ustaz. Mutanen ƙauye ba su saba da kayan birni ba, wataƙila wani abu ta taɓa." Washegari Babikir ya zo ya tsaya a ƙofa ya maimaita wannan magana da ƙarfi, yana tambayar wanda ya lalata na'urar. Inna tana ɗaki da hannu a ɗaure, ta ji komai.

Bayan ya tafi ta fito falo ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa. Karo na farko ke nan da ta yi mini magana baki da baki tun da na auri 'yarta. Ta ce, "Malam, a gafarce ni. Ni na ɓata ma mutane kayansu, na ja maka kunya. A kai ni gida."

Na rantse mata ba laifinta ba ne. 'Yarta ta yi kuka. Na sake ɗauko Usta Haruna ya nuna mata wayar. Ta ce duk lallashinta muke yi, ai mai kayan ya faɗi gaskiya. Ta koma ƙauye ba a yi arba'in ba, wankan da ta zo yi ya tsaya a tsakiya. Yanzu in mata sun zo duba hannunta, ba ta ce musu wuta ta kama ta ba, cewa take ta je birni ta yi ɓarna a gidan suruki. Ƙanwar mai ɗakina ta ce abinci ma sai an matsa mata take ci. Ƙunar hannun tana warkewa, wannan kunyar ce ta ƙi.

Saboda haka ga roƙona, a gaban jama'a. Ka sa a cire mukayyif ɗin nan a yi wa gidan gyaran gaskiya, a raba bututun, a duba sakhan, kafin wani ya sake kunna shi. Mu dai mun bar shi a kashe, muna fifita wa jaririya da mafici. Ka kuma sa a duba sauran ɗakunan benen, a gaya wa mutanen ciki gaskiya, don na leƙa ƙofar maƙwabcina na ga irin takalman nan.

Roƙo na ƙarshe shi ne babba, kuma ba ya buƙatar komai daga aljihunka. Ka zo ƙauyenmu. Ka san hanya, ka san gidan, yana daura da masallacin da ka yi karatun allo. Ka gaishe da Inna, ka gaya mata da bakinka cewa na'urar a lalace take tun kafin ta taka benenka, kuma ka sani. Ba za ta yarda da ni ba, ba za ta yarda da mai gyara ba. Maganarka ce ta karya mata zuciya, kuma kai kaɗai za ta saurara. In ka zo, kada ka yi mamaki in ta riga ka durƙusawa tana ba ka haƙuri. Don Allah ka tsayar da ita kafin ta ƙarasa.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki na halal, ya tsare iyalinka daga abin da muka gani, ya sa wannan takarda ta same ka da zuciya mai taushi.

Wassalam.

Usmanu, ɗan hayarka na sama.